Giratuti ya fito, wace tarakta ce daidai da gonata?

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, shekara 35 na yi ina koyar da lissafi, bara na yi ritaya kuma cikin ikon Allah watan jiya giratutina ya fito. Ina da gona a wajen Birnin Kudu, duka-duka hekta 6 ce, hekta 4 tudu inda nake masara da dawa da gyaɗa, hekta 1 da rabi fadamar shinkafa, sauran rabin kuma lambun mangwaro da gwaiba. Kowace shekara sai na bi layin masu tarakta, bara sai da aka yi kwana 16 da saukar ruwan shuka kafin a zo a yi min haro. Na gaji, ina so in sayi tawa. Ɗan yayana ya ce in sayi Massey 375 ta hannu, shi zai riƙa tuƙawa muna yi wa mutane aiki. Wani dila a Kano ya nuna min wata 'yar ƙarama sabuwa dal mai doki 25 ya ce ita aka yi wa ƙaramar gona. Uwargida kuma ta ce in sayi shanun huɗa in adana sauran kuɗin. Kaina ya ɗaure, kuma wannan kuɗin ba zai sake zuwa ba. Don Allah a ba ni shawara.

Malami mai ritaya

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa an gama lafiya, ya sa wa abin da aka samu albarka. Wallahi da na karanta kwana 16 ɗin nan sai da na ji a raina, don duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gona da sassafe ƙasa ta jiƙe sharkaf yana kallon hanya yana jiran ƙarar tantan, maƙwabta sun shuka har tasu ta fara tsira, shi kuma kullum direba na ce masa gobe in sha Allah, ya san abin da kake faɗa. Toh bari in fara ba ka amsata kai tsaye kafin in yi bayani: in har tarakta za ka saya, a wannan gonar taka ba 375 mai doki 75 ba ce kuma ba mai doki 25 ba ce, ka nemi ta tsakiya mai doki 45 zuwa 50. Kuma maganar Hajiya kar ka yar da ita, zan dawo kanta.

Tunda lissafi ka koyar bari mu fara da shi, na san zai fi shigarka fiye da zaƙin bakin dila. Ka ɗauki faɗin abin da tarakta ke ja a mita, ka ninka da gudun da take yi a kilomita cikin awa, ka raba da 10, abin da ya fito shi ne hektar da za ta yi a awa ɗaya, sai ka cire kwata saboda juyawa a bakin gona da tsayawa cire ciyawa da kewaye bishiya. Babbar nan 375 a ce tana jan haro mai faɗin mita 2.2 da gudun kilomita 6, bayan ka cire kwata ka samu kusan hekta 1 a awa, tudunka ya ƙare a awa 4. Mai doki 50 da haro mita 1.5 a kilomita 5, ta ɗan haura rabin hekta a awa, awa 7 ta gama. 'Yar ƙaramar da mita 1.1 a kilomita 4, kashi ɗaya cikin uku na hekta, awa 12 kenan, wuni biyu. Kaga Malam tsakanin babba da ta tsakiya awa 3 ne kacal bambancin a haron gonarka, awa 3 a shekara, kuma a kan wannan awa 3 ɗin ne za ka riƙa biyan ƙarin gas da manyan tayoyi da manyan kayan gyara har ranar da za ka rabu da ita. Haka kuma lissafin ya nuna ko ƙaramar ma in don lokaci ne ta ishe ka, wuni biyu ai ba kwana 16 ba ne. Matsalar ƙaramar a wani wuri take.

Abu na farko nauyi. Mutane suna kallon doki nawa ne a rubuce jikin bonet su manta cewa ba doki ke riƙe ƙasa ba, nauyin motar da tayarta ne. Irin waɗannan masu doki 25 da yawansu ba su kai tan ɗaya ba ko kuma sun ɗan haura kaɗan, ita kuwa 375 ta wuce tan biyu. In ƙasa ta yi tauri, misali ruwan farko ya sauka ya ɗauke kwana biyar, sai kaga ƙaramar injinta na kuka lafiya lau amma taya na juyawa wuri ɗaya tana haƙa rami, haro kuma yana tsalle a saman ƙasa yana karce-karce maimakon ya shiga. An ƙera su ne don lambu da yankan ciyawa da 'yan filayen shinkafa masu laushi, a can suna aiki kamar me, ba wai ba su da kyau ba ne.

Abu na biyu, kuma shi ne wanda dila ba zai taɓa faɗa maka ba don shi kansa wataƙila bai taɓa tunaninsa ba, kunya. Mu nan noman kunya muke yi, kuma tazarar da aka saba ta masara da gyaɗa santimita 75 ce tsakanin kunya da kunya, ita malaman gona ke koyarwa. Ma'ana in tarakta za ta bi ta kwarin kunya ba tare da ta taka shuka ba, tsakanin tayar hagu da ta dama ya zama mita 1 da rabi, ta haɗiye kunya biyu a ƙarƙashin cikinta. Masu doki 45 zuwa 50 irin su Massey 240 ana kwance tayoyinsu a juya rim a buɗa ko a tsuke har a samu wannan awon daidai. Ƙananan kuwa yawanci tsukakku ne, wajen mita ɗaya ko sama kaɗan, ga cikinsu kusa da ƙasa, sai taya ɗaya ta faɗa kwari ɗaya ta hau kan kunya motar ta karkace, ko cikin ya riƙa shafe kan kunyar da ka gama tayarwa. Kuma rija mai faranti da ke tada kunya biyu a tafiya ɗaya ta yi wa doki 25 nauyi. Kai da kake so ka huta da jiran haro sai ka wayi gari kana da tarakta a gida amma kana bin masu shanu su yi maka huɗa. Don haka ranar da za ka koma wajen dila ka tafi da tef ɗin awo a aljihu, ka durƙusa da kanka ka auna tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya, ka auna daga ƙasa zuwa cikin motar.

Na uku kayan gyara, kuma a nan ne nake jin tsoro sosai. Akwai wani dattijo abokin kawuna, shi ma kuɗin ritaya ne, ya sayi wata 'yar ƙarama ja mai kyau kamar ka lasa, ranar da aka kawo ta har yara na bin ta a baya. Damina ta farko lafiya, ta biyu ana tsakiyar watan Yuni fanfon haidrolik ya mutu, ba ta iya ɗaga komai. Ya kwance fanfon ya naɗe shi a tsumma ya sa a buhu ya je Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, kowa ya juya shi a hannu ya ce Baba irin wannan ba ma kawowa, ya wuce Panteka a Kaduna nan ma haka, wanda ya sayar masa kuma kullum kwantena na hanya. Na ganta da idona ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa an lulluɓe ta da tamfol, taya ɗaya ta sace, kaza ta yi ƙwai a kan kujerar, shi kuma ya koma bin layin haya da kuɗin aro. Sai bayan girbi kayan ya iso. Mutumin nan ba ya son a yi masa zancen har yau, kuma ba na so ka shiga irin wannan.

Dalili kuwa makanikanmu tun zamanin Steyr ta Bauchi da Fiat da ake haɗawa a Kano da tsofaffin Massey na ma'aikatar gona hannunsu ya saba da matsakaita da manya, su suka koya, su yaransu suka koya. Injin Perkins mai silinda 3 da ke cikin Massey 240, wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Fakistan, asalinsa ɗaya da na tsohuwar 135 da aka fara yi a Ingila a shekarun 1960, kuma har yau akwai 135 ɗin da ke aiki a ƙauyuka, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda kayan suke samuwa. Ba ina ce maka dole sai Massey ba, akwai Mahindra da Sonalika da New Holland da John Deere duk suna da masu wannan girman. Abin da nake cewa kafin ka zaɓi suna, ka je wajen makanikin tarakta mafi kusa da gidanka, ba na Kano ba, wanda in ta tsaya a gona da la'asar zai hau babur ya zo, ka ce masa wacce kake iya gyarawa ido rufe kuma wacce ake samun filta da nozul da kulocinta a Dutse ko Kano rana ɗaya. Abin da ya faɗa ya fi ƙasidar dila nauyi.

Yanzu maganar ɗanka da 375. Yaron bai yi ƙarya ba, ita ce motar haya a arewa, ita ke jan garma mai faranti 3 ta fasa sabuwar ƙasa, ita ke jan babbar tirela cike da buhuna. Amma ka duba me kake bukata. Tudun da aka shekara da shekaru ana nomawa, ƙasa mai rairayi irin ta wajenku, ba ya son a riƙa juye shi da zurfi kowace shekara, haro da rija sun wadatar, yawan kaftu mai zurfi ma sai ya sa ruwa da iska su kwashe maka ƙasar sama. Ga gonakinmu cike da gawo da ɗorawa da tsamiya da tsofaffin kututtura, hanyar shiga kuma ta amalanke ce, babbar mota wahalar juyawa take, kuma kututture ɗaya ya yaga tayar baya ta 375 kuɗin da za ka kashe sai ya hana ka barci. A wajen shan gas kuma in tana aiki mai nauyi ta fi mai silinda 3 sha sosai.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, sayen 375 ba sayen kayan aikin gona ba ne a wajenka, shiga sabuwar sana'a ce kana ɗan shekara sittin da wani abu. Duk aikin gonarka, haro da rija da kai taki da kwaso amfani, da kyar ya cinye mata awa 50 a shekara, alhali babbar tarakta sai ta yi awa ɗaruruwa kafin ta fara mayar da kuɗinta. Lokacin haro a wajenmu kuma 'yan makonni ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli, shi ya sa masu manyan ke bin ruwa, su fara daga Binuwai da Nasarawa da Neja su riƙa haurowa arewa, direba ya yi wata biyu ba ya gida, mai mota na zaune yana jiran waya, ba ya ganin hekta nawa aka yi, ba ya ganin lita nawa aka zuba. Ban ce ɗanka zai ci amanarka ba, Allah ya kiyaye, amma na ga zumunci da yawa ya lalace a kan lissafin gas, kuma ɗan yayanka ba wanda za ka kai ƙara ba ne. Ka tambayi kanka ma, ya iya tuƙin aiki ko tuƙin titi kawai ya iya? Don saita zurfin haro da miƙar da kunya fanni ne daban. Da mai doki 50 zai iya yi wa maƙwabta goma ko ashirin aiki a nan kewayenku, ya kwana gida kullum, da yamma ku zauna da littafi, da rani kuma tirela ta yi jigilar taki da yashi da kara da buhunan kasuwa, a gaskiya ma tirelar ce ke ciyar da tarakta wata takwas na shekara. Ka yanka masa kasonsa a rubuce tun ranar farko gaban mahaifinsa.

Fadama kuwa ka shiga da taraktar tun ƙasa na da ɗan danshi kafin ruwa ya kwanta. In ruwa ya riga ya kwanta kar ka yarda a shiga da ita ko mai doki nawa ce, mai jan taya biyu nutsewa take har ciki kuma wajen fito da ita ne ake karya abubuwa. Aikin laka da cikin fangali na fawa tila ne, injin nan na hannu mai taya biyu da ake sa wa tayar ƙarfe, doki 12 zuwa 15, irin wanda ya cika wajen masu shinkafa a Kura da Haɗeja da Kebbi, hayarsa na wuni biyu ya gama maka. Lambun rabin hekta ma kar ya shiga lissafin zaɓenka sam, yara biyu da fartanya sun ishe shi.

Sai kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zuba duk abin da ke hannunsa a kan motar ya kawo ta gida tsirara, ba haro ba rija ba tirela, alhali tarakta ba komai a bayanta ba ta noma ko taku ɗaya. Tun da aka saki Naira a 2023 duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tashin gwauron zabo, don haka farashin da wani ya faɗa maka na bara ma kar ka yi aiki da shi, ka samo na wannan satin a rubuce: motar, haro, rija, tirela, duro ɗaya na gas, baƙin mai da filtoci na shekara, rumfar kwano da za ta kwana ciki. Ka tabbata kuma kayan bayan girmansu ya dace da hannuwan motar, don ramin fil ɗin ƙanana milimita 22 ne na manya 28, kar ka sayo haron da aka yi wa 75 ka rataya wa 50, gabanta zai riƙa ɗagawa. In ka tara duka ya wuce kashi biyu cikin uku na giratutin, ni dai shawarata ka fasa. Kana da iyali, akwai asibiti akwai makarantar yara akwai aurarwa, kuma kai ka san fansho ba kullum yake zuwa kan lokaci ba.

In ya zama fasawar ce, toh nan maganar Hajiya ta shigo, kuma wallahi magana ce ta mai hankali. Bijimai biyu masu ƙarfi da garma za su yi maka huɗar hekta 4 ɗin nan cikin kamar sati ɗaya zuwa kwana goma, kuma ranar da ruwa ya sauka ranar za ka fara ba ka jiran kowa, wanda shi ne asalin ciwon da ya sa ka rubuto. Su ja amalanke, su ba ka taki, bayan shekara uku ko huɗu ka sayar da su sun yi ƙiba ka sayi ƙanana har ka ga canji. Wahalarsu ciyarwa da rani da mai kula da su da kuma tsoron ɓarayi, wannan kai ka fi ni sanin yadda yankinku yake. Ka haɗa su da fawa tila guda saboda fadama, wanda da rani za a iya ɗaura masa bel ya ja fanfon ban ruwa, duka biyun ba za su kai kuɗin tarakta da kayanta ba. Ka zauna da ita ku yi lissafin nan tare, ka nuna mata takardar, ita ma shekara 35 ɗin nan da ita aka yi.

In kuma kuɗin ya kai kuma ta hannu za ka saya, kar sabon fenti ya ruɗe ka, Kano an iya fenti. Ka je da makanikinka da sassafe ba tare da ka faɗi ranar zuwa ba, ka dafa injin ka ji da sanyinsa sannan a tayar a gabanka, ka ga ko bugu ɗaya take tashi, ka kalli hayaƙin, shuɗi yana nufin tana cin baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta ɗumama shi ma ba alheri ba ne. A buɗe murfin lagireto a ga ko akwai mai a ruwan, a zaro sandar awon mai a ga ko ya koma kamar madara. A rataya mata haro a ɗaga sama a kashe injin, ku tsaya kuna hira minti goma, in kun juyo kun ga haron ya sauka ƙasa haidrolik ɗin ya gaji. Agogon awa ana juya shi, amma ka kalli yadda fedar kuloci da ta birki suka cinye da yadda sitiyari ke wasa, su ba sa ɓoye shekaru. Kuma kar ka biya sai an shiga gona da ita ta yi awa ɗaya cur tana jan haro, ko da kai za ka sayi gas ɗin gwajin. A duba lambar inji da ta jiki su yi daidai da takarda, a yi rasit da shaidu, don akwai motocin rabon gwamnati da na bashin banki da ke yawo a kasuwa, kar wata rana a zo har gida a ɗauke.

Abu ɗaya da zan roƙe ka don Allah in ta iso gida. Kar a ɗora yara a kan madigadi ko sau ɗaya, na san za su yi ta roƙo kuma jikoki ba a iya hana su, amma gargada ɗaya ce yaro ya faɗa gaban tayar baya. Sandar nan ta baya mai juyawa da makanikai ke ce wa PTO tana zagaye 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya, in ta kama bakin babbar riga ko rawani ko gyale babu lokacin ihu ma, don haka murfinta ya zauna a kai kuma a kashe inji kafin kowa ya matsa. In za a ja wani abu da sarƙa a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa, in aka ɗaura a sama motar na iya miƙewa ta kife ta baya kan direba. Da hunturu kuma ɗanka ya riƙa duba filtar iska kullum kafin ya tayar, ƙurarmu ita ke kashe inji da wuri.

Ka fara da zuwa wajen makanikin cikin satin nan, tun rani bai ƙare ba farashi bai tashi ba, ka samo farashin kayan nan a rubuce, in ka so ka sake rubuto min da alƙaluman mu duba tare. A gaida Hajiya da yara, Allah ya ba mu damina mai albarka.